Ko Ka Sani? Abin da Ke Ɓoye a Kashin Tattabara

Ko ka san busasshen kashin tattabara na ɗauke da wata ƙwaya, dangin fumfuna, mai iya kaiwa har ƙwaƙwalwar mutum, alhali ita tattabarar da wuya ƙwayar ta kwantar da ita? Masana na kiran ƙwayar Cryptococcus neoformans. Zafin jikin tattabara ya haura digiri 40, kuma ƙwayar ba ta jure wannan zafi. Namu digiri 37 ne, wanda take iya jurewa ta hayayyafa.

A Haɗeja da ƙauyukan bakin kogi, kiwon tattabaru ba baƙon abu ba ne: tukwane a jikin katanga, kashi ya taru a ƙasa, mai lambu ya kwashe ya kai fadama ya zuba wa albasa da tattasai. Da rani, idan kashin ya bushe ƙarau aka sa masa tsintsiya, ƙurar da ke tashi tana iya ɗauke da ƙwayar, ta bi numfashi ta shige can cikin huhu.

A nan ake yin ta. Cikin ƙananan aljihunan iska na huhu akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira makrofaj, aikinsu haɗiye duk baƙon da ya shigo. Sai dai wannan baƙon da shirinsa yake zuwa. Yana lulluɓe kansa da wata riga mai kauri da santsi, kama shi ya yi wuya. Wasu ƙwayoyin cutar su kumbura, su yi girman da ba sa haɗiyuwa. Wanda aka haɗiye ma ba lallai ya mutu ba, yakan zauna cikin makrofaj ya hayayyafa. A 2006 masu bincike a Ingila da Amurka suka ga abin al'ajabi ta madubin likita: ƙwayar ta fito daga cikin makrofaj da ranta, shi ma da ransa, kowa ya kama gabansa.

To me ya sa yawancinmu ba ma ko sanin an yi wannan artabu? Saboda wasu fararen ƙwayoyin ne da ake kira CD4. Makrofaj kamar dogari yake da ya damƙe ɓarawo yana jiran umarnin fada. CD4 ne ke aiko da sinadarin da ke zaburar da shi ya kashe abin da ya haɗiye, sannan su taru su yi wa ragowar ƙawanya a huhu, inda takan kwanta shekara da shekaru ba motsi.

Ranar da CD4 suka yi ƙasa, musamman ƙasa da 100 a gwajin jini, kamar yadda ke faruwa ga mai HIV da bai fara shan magani ba ko ya daina, sai ƙawanyar ta ɓalle. Makrofaj ɗin da ya kamata ya tsare jiki, shi ne ma kan ɗauki ƙwayar ya bi jini da ita zuwa ƙwaƙwalwa. Sanƙarau ke nan, amma ba irin na lokacin zafi mai bin gari ba. Wannan ba a ɗaukarsa daga wani, kuma a hankali yake zuwa: ciwon kai na makonni, zazzaɓi, gani dishi-dishi, ruɗewa. Sau da yawa maganin zazzaɓin cizon sauro ake ta sha har lokaci ya ƙure, kuma wannan ne abin takaicin. An ƙiyasta cutar ta kashe mutum 112,000 a duniya a 2020, akasarinsu a Afirka. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙwayar a sahun farko na dangin fumfuna masu haɗari.

Ba a ce ka rabu da tattabarunka ba, don ƙwayar tana cikin ƙasa da ruɓaɓɓen itace ma. A yayyafa ruwa kafin shara, a rufe hanci da baki, wanda garkuwarsa ta yi rauni kuma a ɗauke masa wannan aiki. Akwai gwajin jini na 'yan mintoci mai suna CrAg da ke gano ƙwayar tun ba ta taɓa ƙwaƙwalwa ba. Idan kana da ɗan'uwa mai fama da HIV, ka ƙarfafa masa gwiwa ya riƙe maganinsa, kuma ciwon kan da ya ƙi tafiya a garzaya da shi asibiti, a tambayi likita batun wannan gwaji.