Gano Majuyar Lanƙwasa a Lissafin Aljabara

A ilimin aljabara, lissafi mai siffar y = ax² + bx + c, wanda ake ninka x da kansa a cikinsa, idan aka zana shi yakan ba da lanƙwasa mai kama da ƙwarya, wadda bakinta ke kallon sama muddin a ya fi sifili. Gindin lanƙwasar, inda layin ke daina gangarowa ya soma hawa, shi ne majuya, kuma a nan ne y ke kaiwa ƙimarsa mafi ƙanƙanta.

Hanyar da ta fi fito da dalili fili ita ce cika murabba'i, dabarar da Al-Khwarizmi ya bayyana a Bagadaza a ƙarni na 9. Idan aka ɗauki x² − 6x + 11, sai a raba 6 biyu a sami 3, a sake rubuta lissafin ya zama (x − 3)² + 2. Tun da lambar da aka ninka da kanta ba ta taɓa sauka ƙasa da sifili, y ba zai gaza 2 ba, kuma ba ya kaiwa can sai x ya zama 3. Ƙa'idar x = −b/2a ma amsar da take bayarwa ke nan, amma ya kamata malamai su fara nuna wa ɗalibai tushenta kafin su sa su haddace ta.