@Service ko @Repository? Darasin da na koya a Sharada

Na taɓa rubuta wa wata masana'antar robobi a Sharada manhajar sito da Spring Boot. Rannan aka ɗauke wuta ana tsaka da ciniki. Manhajar ta cire kayan daga lissafi, amma ba ta ajiye rasit ba. Saura ƙiris a kori mai kula da sito kan zargin sata.

Laifina ne, domin ban raba aiki ba.

@Repository na ajin da ke magana da rumbun bayanai ne kaɗai. Tun Spring 2.0 yake, kuma yana mayar da kurakuran rumbun zuwa DataAccessException. Idan da JpaRepository kake aiki, ba sai ka saka shi ba.

@Service kuwa na ajin da ke riƙe dokokin ciniki ne. A nan ake ɗora @Transactional, don cire kaya da rubuta rasit su zama abu guda: ko dai duka su shiga, ko babu wanda ya shiga.

Kafin ka kai manhajarka Challawa ko Bompai, ka kashe sabar da gangan a tsakiyar ciniki, ka ga abin da zai rage.