A Karɓe Makullin Nan Tun Ba a Yi Rashi Ba

Jama'ar Talata Mafara da Bakura da Maradun, a yi hattara. Da zarar kuɗin shinkafar Bakalori sun shigo hannu, bukukuwan aure za su kankama, ga kuma wasan motar da samarin birni ke yi wajen rakiyar amarya yana gangarowa garuruwanmu ta waya. Yaro ya kalli hoton bidiyo a TikTok, ya ari motar yayansa, ya take totur, ya fizgi birkin hannu, mota ta juya cikin ƙura, yara ƙanana na tsaye a gefe suna tafi. Da taya ɗaya za ta zame, gidan biki ya koma gidan makoki.

Samarin kan ce ai a Turai da Amurka har makarantu ake buɗewa na wannan tuƙi. Gaskiya ne. Sai dai can a killataccen fili ake yi, ba mai tafiya a ƙasa, ba akuya, ba amalanke. Ɗalibi na sanye da hular kwano da bel, malami na kula da shi, kuma galibi sai mai lasisi ake karɓa. Babban darasin ma ba gudu ba ne: yadda za a taka birki, inda za a kai ido a kwana, da yadda za a dawo da mota in bayanta ya zame. Ga wanda hannunsa ya riga ya faɗa, irin wannan horo yana da amfani. Yaranmu kuwa burgar suka ɗauko, suka bar karatun.

Ga lissafin da ba a nuna musu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta sauka kan birki, ya riga ya wuce shago shida ko bakwai. In aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kan ninku sau huɗu. Shi ya sa doka ta tsayar wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya. A auna wannan da cinkoson ranar Talata a Mafara, ko masu tsallake titi a Lambar Bakura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kusan mutum miliyan 1.19 duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Wani zai ce tsoron 'yan bindiga ke sa a yi gudu a hanyar Gusau zuwa Sakkwato da ta Maradun. Ba a musa ba. To wannan ne ma ya sa bai kamata ɗan koyo ya hau ta ba. In taya ta fashe ana cikin gudu, gwani kan riƙe sitiyari gam, ya sassauta totur, ya bar mota ta rage gudu kafin ya taɓa birki. Ɗan koyo birki zai danne, sai mota ta wuntsila.

Don haka, Alhaji, kada ka miƙa makulli ga yaron da bai kai 18 ba. Wanda ya kai, ka biya masa makarantar koyon tuƙi wadda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita, ko da sai ya je Gusau ko Sakkwato, ya yi gwaji, ya karɓi lasisinsa ta hanyar gaskiya, ba ta hannun dillali ba. Don gudun fashewar taya kuma, ka duƙa ka duba gefen tayarka: akwai wasu lambobi huɗu a jere, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Irin wannan ta tsufa ko da zanenta bai cinye ba.

Uban ango, ka faɗa tun a wajen ɗaurin aure cewa duk wanda ya yi wasa da mota ba ya cikin rakiya. Malamai su ambata a huɗuba, masu unguwanni da shugabannin tasha su sa ido. In haɗari ya auku a kira FRSC ta lamba 122. Wanda bai ji bari ba zai ji hoho, amma a wannan wasa sau da yawa ɗan maƙwabci ne ke biyan kuɗin.