Eriyar Mota Mai Tashi Da Kanta: Yadda Za A Tsare Ta Daga Ƙurar Hanyar Goronyo

Duk wanda aiki ya kan kai shi gabashin Sakkwato, ko malamin makaranta ne ko akawu, ya san yadda rediyon mota ya kan zama abokin tafiya a hanyar Wurno da Raba da Goronyo. Amfaninsa kuwa ya wuce ɗebe kewa. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa bisa kogin Rima a 1984, aka buɗe ta a 1992, tana iya riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyan 900. A watan Satumba na 2010, da ruwa ya fi ƙarfinta, ambaliya ta ci gonaki da ƙauyuka masu yawa a kwarin Rima, har ta yanke gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A irin wannan rana, matafiyin da ya ji sanarwa tun da wuri ya san inda zai bi da inda zai kauce wa. To, rediyo kuwa ba ya ji sai da eriya.

Yawancin motocin zamani eriyarsu ɗan tudu ce bisa rufi, ko kuwa zaren waya da aka manna cikin gilashi. Amma tsofaffin motocin da aka ƙera a shekarun 1980 da 1990, irin su Mercedes da Honda da Toyota, waɗanda har yanzu su ne albashin malami ya fi iya kaiwa gare su, da yawansu suna da eriya mai tashi da kanta. In an kunna rediyo sai ta miƙe, in an kashe ta koma ramin ta.

Ga yadda take aiki. A ƙarƙashin kwanon mota akwai ɗan injin lantarki mai juya wani faifai. Sandar eriyar gaɓa-gaɓa ce, kowace gaɓa tana shiga cikin 'yar'uwarta, cikinsu kuma akwai wata igiyar roba mai haƙora. Injin ne ke tura igiyar nan sama, ko ya naɗe ta cikin faifan. Tsawon sandar wajen santimita 78 ne, kuma ba da ka aka yanke shi ba, an auna shi ne daidai da zangon tashoshin FM. Muryar FM kuwa tana raguwa ne gwargwadon nisan da mutum ya yi daga tasha. Saboda haka eriyar da ta tsaya rabi tana iya wadatar da mutum a cikin birnin Sakkwato, amma kafin ya isa Goronyo sai ya ji rediyon ya koma shuuu kawai.

Babban abokin gābanta a ƙasarmu shi ne ƙura. Da hunturu, hazo ya kan kwanta bisa sandar, in ta sauka ta shige da shi cikin gaɓoɓin. Kwanci tashi sai ta yi tauri, injin ya riƙa turawa da ƙarfi, har haƙoran igiyar su cinye ko ta tsinke. Wasu in sun ga ta fara nauyi sai su shafa mata baƙin mai ko giris, suna zaton taimako suka yi. Alhali kuwa mai shi ne ke kama ƙura ya mai da ita kamar taɓo. Abin da ya kamata shi ne, sau ɗaya a mako a tsai da ita, a goge ta tas da tsumma mai ɗan danshi, a bari ta bushe. In lalle sai an sa wani abu, to, a sa ɗan feshin silikon kaɗan, a sake gogewa. Kada a danna ta ko a ja ta da hannu, kada kuma a bar ta tsaye inda yara ke wasa ko inda mota za ta ratsa ƙarƙashin rassan itace. Da damina kuma a duba ɗan bututun da ke ƙasan injin, wanda ke zubar da ruwan da ya shiga, domin in ya toshe tsatsa za ta ci injin.

In ta riga ta lalace, kunne ne zai fara gaya wa mutum ciwon. Idan aka kunna rediyo aka ji injin yana gurnani amma sandar ba ta motsa ba, igiyar ce ta tsinke. Idan ba a ji kome ba, sai a fara da fiyus da wayoyi, wannan kuwa aikin mai wayarin ne. Idan sandar ta miƙe sosai amma murya ba ta fita, a duba wayar da ta tafi bayan rediyon, da tsatsa a gindin eriyar inda ta haɗu da kwano.

Tsinkewar igiya ba ta sa a sayi eriya gaba ɗaya, gama ana sayar da sandar da igiyarta dabam. Sai a kwance notin da ke gindin sandar da sufana, wani ya kunna rediyo, a zaro tsohuwar, ana lura da wajen da haƙoranta suka fuskanta. A gwada tsawonta da na sabuwar. In ta gaza, watau guntunta ya saura cikin faifan, dole a buɗe a fitar da shi, in ba haka ba sabuwar ba za ta sauka duka ba. Sa'an nan a zura sabuwar igiya, haƙoranta na duban inda na tsohuwar suka duba, a kashe rediyo, injin zai ja ta da kansa. A ɗaure notin, a kunna a kashe kamar sau uku har ta daidaita.

Wanda kuwa injin nasa ya ƙone, bai sami irinsa a kasuwa ba, kada ya ga ƙasƙanci ne ya sa sanda tsayayya marar inji. Muddin tsawonta ya cika, jinta ɗaya ne da na waccan, ba ta kuwa da haƙoran da ƙura za ta ci. Abin nema dai shi ne, ran da aka ce za a buɗe ƙofofin madatsar Goronyo, labarin ya riski mutum tun yana kan tudu. Allah ya kiyaye hanya, amin.