Ciwon Hanta Nau'in C: Jita-jitar Koki da Abin da Ya Tabbata

Tun da aka sanya hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano a shekarar 2024, wadda ta haɗa da gwajin ciwon hanta, maganar wannan cuta ta shiga zaurukan Koki da sauran unguwannin cikin ganuwa, kuma wasu daga cikin abubuwan da ake faɗa a kanta su ne ke hana masu ita neman magani.

Jita-jitar da ta fi yaɗuwa ita ce wai ciwon hanta ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa shi. Wannan magana ta fi dacewa da nau'in B, wanda yake da rigakafi amma maganinsa danne ƙwayar cutar kawai yake yi. Nau'in C kuwa ba shi da rigakafi, amma yana warkewa sarai, domin ƙwayar sofosbuvir, wadda ta fito a 2013, idan aka haɗa ta da daclatasvir, tana raba fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shanta da cutar, galibi cikin mako 12. Tsoron wahalar magani ya samo asali ne daga allurar interferon ta da, mai zazzaɓi da kasala na watanni, wadda yanzu an bar yayinta.

Ba gaskiya ba ne kuma cewa ana ɗaukar cutar ta gumi ko musabaha ko cin tuwo a kwano ɗaya, don haka ware wa matar gida kwanonta da kofinta cutarwa ce marar dalili. Hanyarta jini ce: askar wanzami da aka yi wa mutum biyu ƙaho da ita ba a tafasa ba, rezar mai yankan farce, allurar da aka maimaita, da ƙarin jinin da ba a tantance ba. Rashin alamar shawara, wato rawayar ido, ba ya nuna lafiya, domin cutar kan yi shekaru tana cin hanta a ɓoye.

Batun tsada kam gaskiya ne. Gwajin farko na ɗigon jini yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar ne kawai, alhali kusan kashi 30 cikin 100 jikinsu kan kore ta da kansa, saboda haka dole a yi gwaji na biyu mai neman ƙwayar kanta a cikin jini, kuma a nan ne mai ƙaramin ƙarfi, da zai biya daga aljihunsa, yakan karaya ya koma ga jiƙo. Masar ta kawar da wannan cikas lokacin da ta gwada miliyoyin 'yan ƙasarta kyauta daga 2018, ta kuma ba waɗanda aka samu da cutar magani ba tare da sun biya ba.