Sae Sabuwa: Masu babur da ke ratsa yashi da silifa da rawani

Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 kwalta ce. Tana bi ta Tibiri da Maradi da Cadawa da Agye, kuma mai babur zai iya shafe ta ba tare da ya sauke ƙafa ba. Amma wanda ya ratse daga kwaltar ya nufi ƙauyukan ƙaramar hukumar Sae Sabuwa, arewa maso gabas da birnin Maradi, ba zai jima ba zai tarar da hanyar ta koma burtali da sawun amalanke, yashi ya kai idon sawu.

Sae Sabuwa na cikin gundumar Gidan Rumji, kuma a ƙidayar 2012 mutanenta sun kusa dubu 100. Mafi yawansu manoma ne a ƙasar jigawa, inda ake noma gero da wake da gyaɗa da aya. Duk buhun da zai fita kasuwa, duk mai naƙudar da za a kai gidan likita cikin dare, idan ba a amalanke ba to a bayan babur ne. Haka abin yake a karkarar Agye da Gazawa.

A Turai da Amurka, hawa babur a irin wannan hanya wasa ne da ake kashe wa kuɗi. Akwai baburan da aka ƙera musamman don su iya kwalta su kuma iya daji, akwai tufafinsu, akwai ƙungiyoyin da ke fita ayari a ƙarshen mako. Nijar ma ta san wannan wasa. Bafaranshen nan Thierry Sabine ya ɓace da baburinsa a hamada a 1977, ya dawo gida da shawarar shirya tseren Paris zuwa Dakar. Na farko ya tashi ranar 26 ga Disamban 1978 da ababen hawa 182, ya ratsa Agadez da Yamai, kuma 74 ne kawai suka isa Dakar. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, a kan babur Yamaha XT500 yake. Tseren ya bar Afirka bayan da aka soke na 2008 saboda barazanar tsaro, yanzu a Saudiyya ake yin sa tun 2020. Yashin da ya yi wa tseren suna kuwa yana nan, kuma ɗan kabu-kabun Sae Sabuwa na shigarsa kullum, da goyon mutum biyu da buhu a kan tanki.

Baburin kwalta a aikin daji

Baburan da suka cika tashoshin kabu-kabu a jihar Maradi ƙanana ne, irin su Kasea da Haojue 'yan China da Boxer na Indiya, masu injin da bai cika wuce 125 ba. Don titin gari aka yi su: tayoyinsu sirara, cikinsu kusa da ƙasa. Baburin daji na ainihi, kamar Yamaha DT 125 da mutanen karkara suka saba gani a hannun malaman gona da ma'aikatan ayyukan raya karkara, yana da doguwar ƙafa. Tayarsa ta gaba inci 21 ce, mai ƙuraje, tana hawa kan yashi maimakon ta nutse a ciki. Sai dai kuɗinsa ya ninka na ƙaramin babur sau da dama, kayan gyaransa ba a kowace rumfar bakanike ake samu ba, kuma sirdinsa ba ya ɗaukar lodi. Matashin da ya sayar da bijimi ko ya dawo daga cirani ya san wanda zai saya.

Abin da baburin ya rasa, gwaninta ce ke cike shi, kuma a nan ne mai kallo zai sara wa waɗannan samari. Dabarun da ake koyarwa a makarantun tuƙin daji na waje, su a hanya suka koye su. Kafin a shiga yashi mai zurfi ana rage wa taya iska kaɗan don ta baje. Ana shiga da giya ta biyu, a riƙe totur ba tare da an sassauta ba, domin da zarar an saki mai nauyi zai koma gaba, tayar gaba ta nutse, babur ya kayar da mai shi. Ba a damƙar birkin gaba. Ba a ƙanƙame kan babur, ana barinsa ya yi 'yar rawarsa. Goyo, wanda a kwalta nauyi ne, a yashi yakan taimaka, don yana danne tayar baya ta samu abin kamawa. Shi ya sa gwani kan ce wa fasinja ya matso ya zauna daram, kada ya sauke ƙafa ko da ya ji babur na lilo.

Rage iskar na da nata kuɗin. Tayar da ba ta cika ba ta fi saurin cizon tub idan ta daki kututture, ga ƙayar aduwa da ta magarya a ko'ina. Gundumar Agye ta yi suna wajen sassaben zamani, inda manoma ke barin tohon itatuwa ya girma a gona, abin da ya mayar da gawo da kalgo ƙasar da ta kusa zama fako. Alheri ne ga gona, amma mai faci ma ya samu kasuwa. Yashi kuma yana cin sarƙa da haƙoranta kamar an goga musu dutsen wasa wuƙa, musamman idan an lafta mata baƙin mai ya kama ƙura. A lokacin hunturu, matatar iskar da ba a wanke ta a kai a kai ita ce ke kai injin wajen bakanike tun bai tsufa ba. Da damina sai matsalar ta sauya fuska: yashi ya kwanta ya yi daɗin bi, amma kwari da gulbi su cika, tafiyar rabin awa ta koma zagayen awa biyu.

Rawani ba ya tare karaya

Inda gwanintar ba ta kaiwa shi ne jikin mutum. Kayan hawan ɗan kabu-kabu a wannan yanki su ne rawani ko ƙyallen rufe hanci, baƙin tabarau, rigar sanyi da safe, sai silifa. Duka maganin ƙura da rana ne. Hular kwano, wadda a Nijar ake kira kaske, ba a cika ganinta a burtali ba, a kan fasinja kuwa kusan babu. Dalilan da ake bayarwa sanannu ne: zafi, tsada, da tunanin cewa faɗuwa a yashi ba ta kisa.

Gaskiya ne yashi na da taushi, amma kututture da ƙarfen amalanke ba su da shi, kuma duk tafiyar ƙauye tana ƙarewa ne a kan kwalta, tsakanin manyan motoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran hanya na kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a shekara, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Alƙaluman da hukumar ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna hular kwano mai kyau, idan an ɗaure ta, tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, na raunin kai da kashi 69. Karayar ƙafa maɗorin ƙauye na iya tarar ta. Raunin kai sai asibiti a Maradi, kuma sau da yawa a kan wani baburin za a ɗauki mai raunin ta cikin yashin da ya kayar da shi.

Akwai kuma raunin da ba a lissafawa, wato ƙunar salansa a ƙaurin mata da yara, da yatsun da silifa ta bari a fili, da zanen da sarƙa ke fizga. Takalmi rufaffe na gwanjo, wanda ake samu a kasuwannin mako, zai rage wannan ɓarna, kuma ya fi hular kwano sauƙin kuɗi.

Tafiyar ayari ma akwai ta, ko da ba ta da sunan ƙungiya. Ranar kasuwa masu babur kan fita a jere tun da asuba, wanda ya yi faci a tsaya masa, wanda mansa ya ƙare a zuƙo masa daga wani tankin. Rakiyar amarya kuwa labari ne daban. A nan ne samari ke sakin hannu da miƙewa a kan sirdi, ƙurar na gaba ta rufe wa na baya ido, kuma ba sau ɗaya ba buɗa ta koma salati.

Sai dai tun 2019, lokacin da dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Rumji suna gudun 'yan bindiga, ƙarar babura da yawa cikin dare ta daina zama alamar biki a ƙauyukan da ke kusa da iyaka, domin maharan ma a ayarin babura suke zuwa. Masu kabu-kabu sun san abin da ya faru a wasu jihohi: an haramta hawa babur a Diffa a 2015, a sassan Tillaberi a farkon 2020, kuma dubban matasa suka wayi gari babu sana'a. Sae Sabuwa na nesa da iyaka idan aka kwatanta da Gidan Sori ko Madarumfa, amma ko a nan mai hankali kan yi ƙoƙarin komawa gida kafin magariba, da takardun baburinsa a aljihu.

Sannan ga mai. Shekaru da dama fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya ne ke tafiyar da baburan jihar Maradi, har sai da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, arahar ta ƙare. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauke farashin lita zuwa sefa 499 a gidajen mai, amma gidan mai a bakin kwalta yake, kuma babur a giya ta biyu cikin yashi ya fi shan mai nesa ba kusa ba. Don haka a tashar kabu-kabu, kafin a faɗa wa fasinja kuɗin zuwa ƙauyensu, sai an tambaye shi ta wace hanya za a bi.