Abin Da Jini Ke Faɗa Game Da Amosanin Gaɓɓai Na Yara

Mutane da yawa a Samaru da Sabon Gari sun ɗauka amosanin gaɓɓai ciwon tsofaffi ne. In yaro ya wayi gari gwiwa a kumbure, yana ɗingishi, sai a ce targaɗe ne, a nufi gidan mai ɗori, ko a sayo ƙwaya a kemis. Alhali kuwa tun 1897 wani likita a Landan, George Still, ya bayyana wannan ciwo a jikin yara. In kumburin gaɓa ya kama yaro kafin ya cika shekara 16, ya wuce mako shida ba a gano dalilinsa ba, shi likitoci kan yi zato.

A manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, awon jini iri biyu ke taimakon likita. Na farko shi ne awon kwanciyar jini, wato ESR. Akan zuba jini cikin siririn bututu, a tsai da shi awa guda, a duba milimita nawa jajayen ƙwayoyin suka sauka. In akwai kumburi a jiki sukan manne da juna, su yi nauyi, su sauka da sauri. Na biyu shi ne CRP, wani sinadari da hanta ke sakewa, wanda aka gano a Amurka a 1930. Shi yakan hau cikin 'yan sa'o'i, ya kuma sauka da wuri in magani ya karɓi yaro.

Amma fa awon nan hayaƙi kawai yake nunawa, ba ya faɗin inda wutar take. Zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka duk suna ɗaga shi. Ƙarancin jini yana ƙara saurin kwanciyar, amosanin jini kuwa yana rage shi, domin lanƙwasassun ƙwayoyi ba sa mannewa. Wani yaron ma awonsa lafiya lau, ciwon kuwa yana nan yana cin gaɓa. Saboda haka ba takardar awo ke yanke hukunci ba, likitan da ya duba yaron ne.

Jinkiri kan jawo gaɓa ta sandare, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, wani lokaci ciwon ya taɓa ido a ɓoye. Iyaye da malaman makaranta, in kun ga kumburi ya ƙi sacewa, a garzaya asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.